Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Dalar Amurka: Ina Rabon Talaka?

 

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisun ƙofar gida da teburan masu shayi. Dattijo ya ce da ta fi yanzu, domin da albashin wata guda ya ɗinka wa iyali kayan salla, ya sayi buhun gero, har ya ba mahaifiyarsa na goro. Saurayi kuma ya ɗaga wayarsa ya ce, "Baba, a zamaninku in an yi rasuwa sai an tashi mutum takanas ya kai labari Gusau, ni kuwa ga shi ina magana da yayana da ke Jidda, ina ganin fuskarsa." Na sha zama cikin irin wannan gardama, kuma kowannensu da gaskiyarsa. Arziki ya ƙaru a ƙasar nan, babu musu. Inda gizo ke saƙa shi ne, wa ke riƙe da mudu idan an zo rabo? A kan wannan zan yi magana yau, kuma gyaɗa zan kafa shaida da ita.

Bari mu fara ba saurayin nan haƙƙinsa, don ba na cikin masu mayar da zamanin da aljannar duniya. Kakata ta haifi 'ya'ya tara, huɗu ne suka yi rai, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani ba don ado aka ƙago su ba. Uwar da ta gaji da binne jarirai ce ke laƙaba su, ko Allah zai sa wannan ya tsaya. Lokacin da Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960, cikin yara uku kusan ɗaya ba ya kai shekara biyar, kuma tsawon ran da ake sa wa jariri rai da shi bai wuce shekara 37 ba. Yau ya haura 50. Agana, wadda ta bar zanzana a fuskokin iyayenmu, an kawar da ita daga doron ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 1980. Kurkunu, mai kwantar da manomi a tsakiyar damina, ya kama mutum fiye da 650,000 a Najeriya a 1988, amma a 2013 aka ba ƙasar shaidar rabuwa da shi. Duk wanda ya taɓa ganin ƙato yana naɗe tsutsa a jikin tsinke daga idon sawunsa, ya san wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

To amma ku saurari wannan. Binciken lafiyar al'umma da gwamnati ta gudanar a 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. Wannan na ƙasa gaba ɗaya ke nan. Da aka duba jiha jiha, sai ga Ogun da 30, ga Kebbi da 252. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, naira ɗaya. Yaron da aka haifa a wani ƙauyen Kebbi bai yi nisa da halin da kakarsa ta taras a 1960 ba. Irin yaudarar da lissafin jimilla ke yi ke nan. Mutum goma ne zaune a zaure, ɗaya yana da shanu ɗari, tara ba su da ko akuya, sai mai rubutu ya raba ya ce kowa a zauren nan yana da shanu goma. Lissafinsa daidai ne, amma mutum tara ba su ga ko ɗigon nono ba.

Ƙasar Hausa ba yau ta fara ganin arziki ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya taras da birnin masaƙa da marina, tufafinsa na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Sai dai wani sashe mai yawa na wannan dukiya a kan gumin bayin da ke noma a rinji ya tsaya. Wannan ma tarihinmu ne, kuma bai kamata mu riƙa tsallake shi ba.

A 1911 titin jirgin ƙasa ya iso Kano. Turawa auduga suka yi wa tanadi, don masaƙun Lankasha na ƙasar Ingila suna bukatarta. Manomin Kano kuwa ya yi nasa lissafin. Gyaɗa tana shiga tsakanin gero da dawa ba ta hana su, harawarta abincin dabba ce, tana gyara ƙasa, in kasuwa ta ƙi a ci ta a gida, mata su yi mai da ƙuli-ƙuli. Auduga fa, wa zai dafa ta? Sai ya zaɓi gyaɗa. A 1912 abin da aka fitar waje bai kai tan 3,000 ba, a 1913 ya haura tan 19,000. Ba wani jami'in gona da ya koya masa wannan dabara. Ina faɗin haka ne saboda masu cewa talaucin manominmu daga duhun kai ya samo asali.

A wannan shekara ta 1913 ɗin ce kuma damina ta ƙi, shekarar da ta biyo aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba. Dubban rayuka suka salwanta a lardin Kano da ƙasashen da ke arewa da shi. Ga haraji Bature ya ce da kuɗi yake so, ba da dami ba. Jirgin da ya zo da kasuwa yana nan yana jigila, amma wanda rumbunsa ya ƙare bai ga amfaninsa ba. Tun daga ranar farko ke nan, ci gaba da yunwa suka kwana a gari ɗaya.

Duk da haka gyaɗa ta yi wa mutane rana. Ta sayi keke, ta sayi rediyo, ta sa kwano a kan ɗakin da a da azara da ƙasa ne, ta kai mutane Makka. Ta fito da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, bafataken goro da ya koma sayen gyaɗa, wanda kafin rasuwarsa a 1955 ake lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Dalolin gyaɗar nan da muke alfahari da hotunansu, kowace kan ɗauki buhu kimanin 15,000. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sun yi ta tashi ne saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe abin da manoma ke kawowa. Zuwa shekarun 1960, babu ƙasar da ta kai Najeriya fitar da gyaɗa a duniya.

Shi wanda ya duƙa ya noma ta fa, nawa ya samu?

Tun lokacin yaƙin duniya na biyu Turawa suka hana sayar da gyaɗa waje sai ta hannun hukuma. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aka miƙa aikin ga hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hujjar da aka bayar mai daɗin ji ce: za a riƙe wani abu a shekarar da kasuwar duniya ta yi kyau, a cike wa manomi a shekarar da ta faɗi. Riƙewar an yi ta sosai, har an tara rarar kuɗi a Landan. Cikewar ce ba ta taka kara ta karya ba. Wani masanin tattalin arziki na ƙasar Kanada, Gerald Helleiner, ya bi lissafin daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, ya gano cewa tsakanin harajin fito da rarar hukuma, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa ba ya isa gare shi. Cikin kowane buhu huɗu, ɗaya na hukuma ne. Ragowar ukun ma sai sun bi ta hannun ejan da 'yan baranda, a ɗora a sikelin da manomi bai iya karanta shi ba, sannan dagaci ya aiko neman haraji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na cewa an ƙona kuɗin nan. Da arzikin gyaɗa da auduga Arewa ta tsaya da ƙafarta. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, aka yi hanyoyi da asibitoci, aka tura yara karatu. Ni kaina na ci moriyar makarantun da aka gina a wancan zamani, ba kuma zan yi butulci ba. Amma mu tambayi kanmu, ina aka gina yawancinsu? A birane. 'Ya'yan wa suka fi shiga? Manomin da aka cire wa buhu ɗaya cikin huɗu, matarsa a kan jaki ake ɗaukar ta in naƙuda ta yi tsanani.

A cikin ƙauyen kansa ma ba a zama ɗaya ba. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bi gida gida tana duba gonaki da rumbuna. Abin da ta rubuta, duk wanda ya tashi a karkara ya san shi: akwai manomin da talauci ya kai shi inda noman ma ya fi ƙarfinsa. Ga yadda abin ke tafiya. Kaka ta yi, ga haraji, ga bashin da aka ci da damina, ga auren 'ya. Talaka ya kai hatsinsa kasuwa a ranar da kowa ya kawo nasa, farashi a ƙasa warwas. Mai hali ya saya ya zuba a rumbu ya liƙe. Bazara ta wuce, ruwa ya sauka, rumbun talaka ya koma fayau. Hatsin nan da ya sayar da arha, shi zai dawo ya auna da tsada. Kuɗin awon kuma babu, sai ya saɓa fartanya ya tafi ƙwadago gonar mai hali, a daidai kwanakin da tasa gonar ke jiran noman fari. Kafin ya waiwayo ciyawa ta cinye shuka. Amfanin bana bai kai na bara ba, baɗi a jinginar da gona, daga nan sai cin rani, wani kuma in ya tafi ya tafi ke nan.

Jama'a, wannan bayani ya haura shekara hamsin, amma ku faɗa mini abin da ya canza. Haraji ya tafi, bashin taki ya maye gurbinsa: a karɓi buhu da damina, a biya da buhunan masara da kaka. Ba lalaci ne ya raba manoman nan biyu ba. Ɗaya yana iya jiran wata shida, ɗayan ba ya iya jiran kwana shida. Duk wani ƙarin farashi, wanda ke iya jira shi ke kwashe shi.

Sai mai ya zo. A 1956 aka same shi a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, aka fara fitar da shi a 1958. A ƙarshen 1973, bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, ganga ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Kuɗi suka kwararo. Kwamitin Udoji na 1974 ya kawo ƙarin albashi har da na watannin baya, ma'aikata suka cika gari da babura da firji. Manomi ba shi da Udoji, tsadar kayan da ta biyo baya ce kawai rabonsa. A 1975 jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas ɗauke da sumuntin da aka yi oda ba lissafi. A Arewa kuwa, farin 1972 zuwa 1974 ya riga ya karya mutane da dabbobi, sai kuma a 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, mai sa ganye ya ƙanƙance ya murɗe, ta share gonakin gyaɗa. Dalar gyaɗa ta rushe, dalar Amurka ta hau kujerarta. Naira ta yi ƙarfin da a 1980 ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, shinkafa da alkama na waje suka fi na gida arha. Ƙasar da ta ciyar da Turai man gyaɗa ta koma sayo man girki.

Kuɗin mai sun yi ayyuka. An ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, an buɗe sababbin jami'o'i, an gina madatsar Tiga wadda har gobe manoman Kadawa da Kura ke noman rani da ruwanta. Amma ku tuna Bakolori, kusa da Talatar Mafara. An gina madatsa don ci gaba, an karɓe gonakin mutane, da suka tsaya neman diyya a 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe manoma da dama. Wannan ma a cikin littafin ci gaba aka rubuta shi.

Abin da ya fi damuna a labarin mai shi ne wannan. A zamanin gyaɗa, duk da zaluncin sikeli, hukuma tana bukatar manomi. In bai noma ba, baitulmali ba ya cika. Dole a kula da iri, a kula da hanyar da za a fito da kaya, a san halin da damina ke ciki. Da mai ya zo, kuɗin gwamnati ya koma fitowa daga bututun da ke gaɓar teku, a raba a Legas, daga baya a Abuja. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci murnar. Sai dai igiyar da ta ɗaure mai mulki da mai fartanya ta riga ta tsinke. Wanda ba ya ci daga gonarka, ba zai rasa barci don damina ta yi gardama ba.

Da farashin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin ciniki. Masaƙu suka bi layi suna rufewa, ta Kaduna ta tsaya a 2002. Ku zaga Kakuri, ku zaga Sharaɗa da Bompai, za ku ga ƙofofi a garƙame inda a da dubban magidanta ke shiga da fita sau uku a rana. Ga wani ma'auni da dattijon majalisar nan zai so ya ji. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wanda ya kai kimanin dala 200 a lokacin. A 2024 an mayar da shi naira 70,000, wanda bai kai dala 50 ba, kuma a ƙarshen wannan shekara bai isa sayen buhun shinkafa ɗaya ba.

Wani zai ce haka Allah ya ƙaddaro wa duk ƙasa mai arzikin mai. To mu leƙa Indunusiya. Ita ma ƙasa ce mai ɗimbin jama'a, ita ma soja ke mulkinta a lokacin, ita ma ta sami kuɗin mai a 1973, kuma gwamnatin Suharto ba ta tsira daga cin hanci ba ko kaɗan. Amma ta karkata kuɗin zuwa ƙauye. Tsakanin 1973 da 1978 ta gina makarantun firamare fiye da 61,000. Ta sauƙaƙa taki, ta gyara hanyoyin ban ruwa, ta sa wa shinkafa farashin da ba zai faɗi ƙasa da shi ba da kaka, ta kuma hana kuɗinta yin tsadar da za ta kashe mai noma. A 1984 ta wadatar da kanta da shinkafa. Masu fama da talauci suka ragu daga kashi 40 cikin ɗari a 1976 zuwa kashi 11 a 1996. Rijiya iri ɗaya muka samu, inda aka zuba ruwan ne ya bambanta.

Mu kuwa, a 2014 aka sake lissafi aka ce tattalin arzikin Najeriya ya kai dala biliyan 510, ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Shekara takwas bayan nan, a 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da muhalli, ta ce mutum miliyan 133 ne ke ciki, wato kashi 63 cikin ɗari, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A jihar Sakkwato abin ya kai kashi 91. Mutumin da ya fi kowa dukiya a Afirka, Aliko Ɗangote, Bakano ne, jinin Alhassan Ɗantata ta wajen uwa. Ban ambace shi don hassada ba, wanda ya kafa masana'anta ya ɗauki ma'aikata ya yi abin kirki. Na ambace shi ne don mu ga cewa gari ɗaya ya fitar da shi, ya kuma fitar da yaron da ke yawo da roba a bakin danja. Kuma a yau, a sassan Zamfara da Katsina, akwai manomin da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe abin da ya shuka. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙauyen da aka bari shekara hamsin babu makarantar kirki, babu asibiti, babu burtali, ba a rasa mai zuwa ya ɗebi samarinsa.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ke ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Talaka ya biya wannan a kuɗin mota, a kuɗin niƙa, a kuɗin magani. A daidai lokacin kuma kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Wannan kuɗi naka ne, mai sauraro, kamar yadda buhun nan ɗaya cikin huɗu na kakanka ne. Bambancin shi ne, kakanka bai iya karanta sikeli ba, kai kuwa ana buga abin da aka ba jiharka da ƙaramar hukumarka kowane wata, kuma wayar da ke hannun ɗanka za ta nuna maka shi.

Don haka ina roƙon gwamnoninmu da shugabannin ƙananan hukumomi, ku fara daga inda talaka ke karyewa. Taki ya iso kafin ruwan shuka, ba bayan an yi maimai ba. A samar wa ƙananan manoma rance marar ruwa da wurin ajiya da kaka, don su ma su iya jiran wata shida. A sa ungozoma da magani a asibitin ƙauye, a sa malami a aji, a biya shi. Masu hali kuma, ku fitar da zakkar amfanin gona ranar girbi, ku kai ta inda ta dace.

Kai kuma mai sauraro, ka nemi sanin nawa aka turo wa ƙaramar hukumarku a watan jiya. Ku haɗu ku biyar ko goma, da limaminku da mai unguwarku, ku je wurin kansila cikin ladabi, ku tambaye shi abin da aka yi da shi a mazaɓarku. In bai ba ku amsa ba, ku koma wata mai zuwa.